Mai Sayen Lema Ranar Laraba

Laraba, 5 ga Nuwamba, huɗu da rabi na yamma, ofis

Ya sake zuwa. Laraba ta uku ke nan.

Ban so in rubuta ba, amma Ferda da ke tebur kusa da nawa ita ma ta gani, to ba idona ba ne kaɗai. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna wani ya sayi lema ɗari da hamsin da uku a kan kamfanin gilashi. Bayan rabin sa'a ya ƙara hamsin da uku. Makon jiya kamfanin taki ne, ɗari biyu da hamsin da uku.

Mahaifiyata, Anne, ita ta raɗa musu lema. Shekarar da na fara aiki ta ce in gaya mata abin da nake yi har ake biyana. Na ce mata wanda ke tsoron hannun jari zai faɗi yakan sayi wata takarda mai ba shi ikon sayarwa a farashin yau, ko da gobe ya rushe, har zuwa ranar da wa'adin takardar zai cika. Wanda ke sa ran tashi kuwa yakan sayi mai ba shi ikon saye a farashin yau. Ni ba na saye, ba na sayarwa. Ƙirga su nake yi in ga wanne ya rinjaya, ranar Alhamis in rubuta wa abokan cinikinmu ko kasuwa tsoro take ji ko kwaɗayi. Anne ta ce, "Wato masu lema da masu tsani. Ke kuma kina bakin taga kina ƙirga masu lema, ki ce za a yi ruwa." Shekara goma sha tara ban sami bayanin da ya fi nata ba.

Kamfanin gilashi shi ne wanda takardata ta gobe ta ce tsoro na taruwa a kansa. Takardar ba ta fita ba tukuna.

Ferda ta turo kujerarta tana tauna biskit. Abla take ce min, wato Yaya. "Nurhayat Abla, wallahi ɗan garinku ne. Wa zai liƙa hamsin da uku a wutsiyar komai in ba ɗan Rize ba? Ku da lambar motocin garinku! Ko kabari za a ba ku sai kun nemi mai 53."

Na yi dariya. Ina jin ta fito daidai.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan azahar

Takarda ta fita ƙarfe tara. Kafin sha ɗaya gilashi ya sauka, mai lemar ya sayar da nasa duka ya tafi da ribarsa.

Shugabanmu Kudret Bey ya tsaya a kaina da kofin shayi. "Nurhayat Hanim, wannan hanci naki! Ranar da kika yi ritaya a ajiye mana shi a kwalba."

Da ya wuce na cire lemomin mutumin nan daga ƙidayar jiya. Tsoron yana nan, amma kusan rabinsa ya tafi. Wato Talata na rubuta akwai tsoro, Laraba wani ya sayi lema don na rubuta, da yamma na ƙirga lemarsa na ce ga shaida. Inuwata nake aunawa ina aika wa mutane.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, la'asar

'Yan Rize sun fi dubu ɗari a Istanbul.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, hantsi

Na goge kicin, na wanke kofunan da ba a sha komai da su ba. Littafin yana inda yake kullum, a kantar da ke ƙasa da ta Alƙur'anin Anne.

A cikinsa nake fara rubuta takardar Alhamis, Litinin da yamma da Talata bayan asuba. Sai in bar shi a gida wuni guda ya huce, don abin da na gani da zafin kai yakan canza. Laraba nake tafiya da shi ofis in buga. Da baƙin Larabci nake rubuta shi, harshenmu da rubutun kakanni, yadda Anne ta koya min a kan tabarma kafin ta kai ni makarantar Alƙur'ani. Na fara hakan ne don kada wani ya leƙa kafaɗata a jirgin ƙasa.

Kowace Janairu ina sa hannu a takarda cewa ba zan bari kowa, ko ɗan'uwana na jini, ya san abin da na rubuta kafin ya fita ba. Wanda ya karya, lasisinsa ya tafi. Wanda ya ci riba da shi, hukuma ce da shi.

Ƙanena Tahsin yana zuwa cin abinci duk Talata. Lambar wayarsa 53 ce ƙarshenta. Kuɗin da ya liƙa wa amarya a bikin 'yar kawu lira dubu biyar da ɗari uku ne, har aka yi ta masa tsiya. Tun da shagonsa ya rufe a bazara ban tambaye shi da me yake ci ba.

Amma Tahsin bai iya karanta littafin ba. Sau uku aka sa shi makarantar Alƙur'ani, sau uku aka kamo shi a filin ƙwallo. Fatiharsa ma da ka ya riƙe ta. Bai iya ba. Bai iya ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bakwai da rabi na safe

Jiya ya zo da kifin hamsi akwati guda, kamar za mu ciyar da unguwa. Anne ta birkita su a garin masara ta jera a kasko, gida ya cika da hayaƙi.

"Bokanyar kasuwa!" in ji shi tun daga ƙofa. "Abla, yaya sama? Mu shanya kaya ko mu kwashe?"

Na ce ni ba duba nake yi ba, ƙirga nake yi.

"Haka kowane boka yake cewa."

Muna cikin ci na miƙa masa takardar cefanen da na rubuta da baƙin nan, na ce ya karanta min, tabarauna yana ɗaki. Ya riƙe ta a kife, ya juya, ya sake juyawa. "Tsutsotsi ne suke rawar biki. Wannan mai ƙaton ciki shi ne ango."

Anne ta ƙwala masa cokali a hannu. "Haruffan Alƙur'ani kake ce wa tsutsotsi, marar kunya? Shekara arba'in da huɗu, ga sanƙo, ba hankali."

"Sanƙon na Baba ne, Anne, rashin hankalin ban san na wa ba ne."

Ta sake ɗaga cokalin, dariya ta hana ta. Ni ma na yi, ta gaske. Har ya tafi bai ko kalli kantar ba. Na nemi gafarar Allah a kan zato.

Abu ɗaya. Da Anne ta miƙo min burodin masara ban ji ƙarar awarwaronta na zinariya ba. Uku ne tun aurenta. Sanyi ake yi, wataƙila ta tura su cikin hannun riga.

Laraba, uku saura kwata

Ɗari biyu da hamsin da uku. Tsani wannan karon, a kan kamfanin jiragen ruwa. Shafina na Talata tsani ya ce.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, biyar na yamma

Kudret Bey ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi. Ya ce masu sa ido na kamfaninmu sun lura da cinikin Laraba. Ba ta hannunmu ake yin sa ba, don haka ba su ga suna ba, amma in ya ci gaba dole su sanar da hukuma.

"Wa yake ganin takardarki kafin Alhamis?"

Na ce shi, sai mai gyaran rubutu, Laraba ƙarfe biyar.

"Cinikin kuwa ƙarfe biyu ake yi." Ya shafa gemu. "Littafin nan naki fa, wanda ko aljani sai ya nemi tafinta?"

Na ce, "Babu wanda ya iya karanta shi a ofishin nan."

Ya yi dariya ya ce in tafi, kada in damu, ni ce ta ƙarshe da zai yi wa zato. Kowace kalma da na faɗa gaskiya ce. Na sake auna su a jirgin ƙasa, daga ofis a unguwar Levent har gida. Gaskiya ce kowace. Ban san me ya sa na kasa cin abinci ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ruwa tun safe. Anne lafiya. Ta yi karatunta na asuba, izu guda, ina jin ta daga kicin.

Litinin, 17 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Na yi abin da ban taɓa yi ba.

Kamfanin siminti a wannan makon masu tsani sun ninka masu lema sau uku, farashin lemarsa ma ya sauka, ba mai nema. Babu tsoro ko kaɗan. Na rubuta haka a wata 'yar takarda na sa a jakata. A littafin kuwa na rubuta akasinsa: tsoro na taruwa a kan siminti, a yi hattara.

Na ce wa kaina in babu mai karantawa, ban yi wa kowa ƙarya ba, tawada ce a kan takarda. In kuwa akwai, zan sani.

Kowane shafi da bismilla nake buɗe shi. Wannan na kasa. Na bar saman shafin fari.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan magariba

Tahsin ya bugo, mura ta kwantar da shi, ba zai zo ba. Allah Ya yafe min, na ji daɗi. Bai taka gidan ba, to gobe komai ya faru ba shi ba ne. Mun sha miyar kabeji mu biyu.

Laraba, 19 ga Nuwamba, uku da rabi

Ɗari huɗu da hamsin da uku. Bayan minti ashirin, ɗari uku da hamsin da uku. Lema. Siminti. Bai taɓa saye da yawa haka ba.

Na fito da littafin na buɗe shafin Litinin. Akwai garin masara a tsakiyar shafin, ɗan siriri, ya bi layi daga dama zuwa hagu. Na san mutum ɗaya da ke bin layi da yatsa in tana karatu. Ita ta koya min.

Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Laraba, biyar saura kwata

Nan da kwata Kudret Bey zai nemi takarda. Biyu ne a gabana, ta jaka da ta littafi.

In na buga ta littafi, gobe siminti zai ɗan sauka, Tahsin ya fita lafiya. Da lemominsa a cikin ƙidaya ma har shaida zan iya nunawa, babu wanda zai kama ni. Mutum ɗari shida ne ke karanta ni, wasunsu kuɗin fanshon mutane suke riƙe da shi. Ko kuma in kira shi in ce ya sayar yanzu kafin a tashi. Wayar tana hannuna. In na kira, ni da bakina na ba shi.

Na yi alwala a banɗakin ofis, na dawo na zauna.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, sha ɗaya da rabi

Ta jaka na buga. Ban kira ba. Siminti yana hawa tun buɗe kasuwa. Lemomin sun zube rabi, kuma ranar Juma'a ta sama wa'adinsu zai cika.

Ferda ta ce, "Ɗan garinku ya jiƙe yau, Abla, da lemarsa a hannu."

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan azahar

Na dawo daga cefane na ga takalmin Tahsin a ƙofa. Suna kicin, ba su ji shigowata ba.

"Siminti kika ce, Anne. Lema kika ce. Sau biyu na tambaye ki."

"Haka na gani, ɗana."

"Haka kika gani! Takardar da ta fita akasin haka ta ce. Kin tsallake layi ne, ko kin haɗa biyu. Shekara saba'in da shida, tun bara nake cewa a duba idon nan."

Ba tsawa yake yi ba. Da ma tsawar ce. Anne ta ce a hankali, "Ban taɓa tsallake layi ba." Can kuma ta ce, "Wataƙila."

Ledar tumatir ta suɓuce min. Ya leƙo, fuskarsa ba jini. "Abla, ba abin da kike zato ba ne. Yanayi kawai nake tambaya. Ke kina gaya wa baƙi ɗari shida, ƙanenki ne ba zai ji ba?"

Anne tana zaune hannuwanta a cinya, babu awarwaro ko ɗaya. Ta ce, "'Yata, ba sata ba ce ai. Cikin gida ne. Ni ce dai na ɓata masa, idona ne."

A nan ya kamata in faɗa. Na durƙusa ina tsintar tumatir, har ya sa takalmi ya fita.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan asuba

Ba ta yi karatu ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan asuba

Ba ta yi ba. Ta yi salla ta zauna da carbi. Alƙur'anin yana cikin jakarsa.

Talata, 25 ga Nuwamba, takwas na safe

Ta ce in nemo mata likitan ido. Na ce to. Ta ce in har ta iya juya maganar siminti, wa ya san abin da ta yi shekaru tana juyawa a Littafin Allah ba ta sani ba? Gara ta dakata. Tana faɗa tana gyara min wuyan riga kamar zan tafi makaranta.

Shekara sittin ba ta fasa asuba ɗaya ba, ko ranar da aka binne Baba.

Laraba, 26 ga Nuwamba, tara na safe

Ban tafi ofis da wuri ba. Na kawo littafin na buɗe mata shafin a kan teburin kicin, na ce ta karanta. Ta ce ba ta gani. Na ce don Allah. Ta sa yatsa ta karanta, tiryan-tiryan, ko wasali ba ta ci ba.

Na ce, "Abin da ke nan ke nan, Anne. Idonki lafiya lau. Ni na rubuta ƙarya, don in san mai karantawa."

Ta daɗe tana kallon shafin. Ta kai yatsa samansa, inda yake fari.

"Na ga babu bismilla. Na ce 'yata ta gaji, ta manta. Na karanta miki ita da bakina kafin in fara."

Ta ɗago ta dube ni.

"Da haruffan da na koya miki, Nurhayat?"

Na ce e.

"Kin iya tambayata. Ina nan, a ɗakin nan."

Na ce na ji tsoron amsar. Na gaya mata takardar da nake sa wa hannu duk Janairu, da abin da hukuma ke yi wa mai cin riba da irin wannan. Ba ta taɓa sani ba. Ban taɓa gaya mata ba, na ɗauka ba abin da ya shafe ta ba ne. Ta rufe littafin ta tura min, ta tashi ta ɗora shayi, ta ba ni baya.

Laraba, huɗu na yamma

Yau babu hamsin da uku a kasuwa.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Da safe na kira Tahsin na gaya masa duka, shafin da kuma cewa ƙarfe goma zan je wurin Kudret Bey. Ya ce, "Tarko kika ɗana min a gidan uwarmu. Allah Ya ƙara tsarki, Abla." Ya kashe.

Kudret Bey bai katse ni ba har na gama. Ya cire tabarau ya murza ido. "Da kin yi shiru, Nurhayat Hanim, cinikin ya tsaya, magana ta mutu." Na ce na sani. Ya nemi suna. Na faɗa. Ya tambayi yadda aka yi ya karanta littafin, na ce a gida na bar shi, laifina ne. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba.

Na miƙa katin shiga. Sun ce in zauna a gida har a gama bincike. Ferda ta raka ni har lif tana kuka, ta cusa min biskit a aljihu.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, bayan magariba

Wa'adi ya cika yau. Ban duba ba. Na san abin da lema take zama in ba a yi ruwa ba.

Anne tana min magana a kan gishiri da wanki kawai. Ba ta yi karatu ba.

Talata, 2 ga Disamba, hantsi

Bayan asuba ina kicin ta kira ni da cikakken sunana. Na same ta a kan darduma, ta sauko da Alƙur'aninta, ta ɗauko nawa na makaranta mai koren bango, wanda na ɗauka ya ɓata.

"Riƙe. Ki bi ni. In na kauce ki tsayar da ni, kada ki ji kunyata."

Ta karanta shafi huɗu. Ina bin ta da ido, ina jira, babu inda ta kauce. Da ta kai ƙarshe ta ɗago. Na ce babu ko ɗaya. Ta gyaɗa kai, ba ta yi murmushi ba.

Na ce ko in sayo kifi, yau Talata. Ta ce in sayo na mutum uku, in bai zo ba a ba maƙwabta. Na yunƙura zan tashi, ta dafa gwiwata.

"Zauna. Ke ma karanta in ji. Daga bismilla."

Na karanta shafi ɗaya. Na yi kuskure biyu. Ta gyara min duka biyun.